Zaburar da ƙwaƙwalwa da lantarki da tunanin likitan da bai yi barci ba

1. Gabatarwa

Ciwo ba ya jiran gari ya waye, saboda haka a manyan asibitocin duniya likitoci masu neman ƙwarewa sukan yi awa 24 ko fiye suna bakin aiki ba su runtsa ba. Tun daga farkon ƙarnin nan masana suke gwada wata dabara, watau ratsa ƙwaƙwalwa da lantarki mai rauni, da fatan farfaɗo da tunanin wanda barci ya ci ƙarfinsa. Manufar wannan maƙala ita ce a bayyana yadda dabarar take, da abin da gwaji ya tabbatar game da ita, sa'an nan a duba kalmomin da suka dace da bayaninta da Hausa, don amfanin masu bincike da masu tsara littattafan yaƙi da jahilci.

2. Abin da rashin barci yake yi wa likita

Muddin mutum yana farke, wani sinadari mai suna adenosin yana taruwa a ƙwaƙwalwarsa, kuma taruwarsa ce take kawo nauyin ido. Barci ne yake rage shi. Sinadarin kafeyin da ke cikin goro da shayi da kofi ba ya kawar da adenosin, yana toshe masa kafofin da yake kamawa ne kawai na ɗan lokaci.

A shekarar 1971 Friedman da abokan aikinsa a birnin New York suka ba sababbin likitoci takardar awon bugun zuciya su karanta, sau ɗaya bayan sun huta, sau ɗaya bayan sun kwana aiki. Kurakuran da suka yi bayan aikin dare sun kusa ninka na lokacin hutu. A 1997 Dawson da Reid a Ostareliya suka nuna cewa wanda ya yi awa 17 a farke hannunsa da idonsa sukan yi rauni kamar na wanda barasa ta kai kashi 0,05 cikin 100 a jininsa, a awa 24 kuwa kamar na mai kashi 0,10. A 2004 Landrigan da abokansa a Boston suka kwatanta tsarin aiki biyu a ɗakunan masu tsananin ciwo. Sababbin likitocin da ke yin awa 24 ko fiye a jere sun fi waɗanda aka tsaida wa awa 16 manyan kurakurai da kusan kashi 36 cikin 100, kuma manyan kurakuransu wajen gane cuta sun ninka fiye da sau biyar.

Hukumomi sun ɗauki mataki. Bayan rasuwar wata yarinya mai shekara 18, Libby Zion, a wani asibitin New York a 1984, jihar ta taƙaita aikin likitoci masu neman ƙwarewa zuwa awa 80 a mako a 1989, aka kuma shimfiɗa wannan ƙa'ida a duk Amurka a 2003. To amma rage awoyi yana bukatar ƙarin ma'aikata da kuɗi, shi ya sa ba a daina neman wata hanya mai sauƙi ba.

3. Yadda dabarar take

Hanyoyi biyu suka fi shahara. Ta farko tana aiki da maganaɗisu: Anthony Barker ya ƙirƙiro ta a Sheffield ta Ingila a 1985. Ana aza naɗaɗɗiyar waya a kan mutum, ta aika bugun maganaɗisu wanda yake ratsa ƙoƙon kai ya sa jijiyoyin ƙwaƙwalwa su harba saƙo. Ta biyu, wadda ake taƙaita sunanta da haruffan tDCS, Nitsche da Paulus ne suka farfaɗo da ita a Göttingen ta Jamus a shekarar 2000. Ana jiƙa soso biyu da ruwan gishiri a manna a fatar kai, a saki lantarki na miliamfa 1 zuwa 2 na tsawon minti 20 ko 30.

Kada mai karatu ya kwatanta wannan da girgizar minjirya a hannun masunci. Wanda ake yi wa ba ya jin kome sai ɗan ƙaiƙayi ko zafi-zafi a fata. Lantarkin bai kai ya sa jijiya ta harba saƙo da kansa ba, yana ɗan sauƙaƙa mata harbawar ne ko ya ɗan tsananta mata, gwargwadon yadda aka aza soson. Galibi akan nufi ɓangaren ƙwaƙwalwa da ke bayan goshi, inda ake riƙe bayani da tsara shawara.

4. Abin da gwaji ya nuna

A 2008 Luber da abokansa a Jami'ar Columbia suka gwada hanyar maganaɗisu a kan mutanen da suka yi awa 48 ba barci, suka ga jinkirin amsarsu ya ragu a wani gwajin tuna haruffa. A 2014 McIntire da McKinley, masu bincike na rundunar sojan saman Amurka a jihar Ohio, suka tsare mutum 30 awa 30 ba barci, suka raba su kashi uku: na lantarki, na kafeyin, da na gwajin ƙarya, watau an manna musu soso amma ba a ba su lantarkin kirki ba. A aikin zuba ido kan allo don ganin ƙaramin sauyi, ƴan kashin lantarki sun fi sauran jurewa, kuma amfanin ya fi na kafeyin daɗewa.

Akwai kuma binciken da ya sanyaya gwiwar masu ɗokin dabarar. A 2015 Horvath da Forte da Carter a Melbourne suka tattara sakamakon gwaje-gwaje masu yawa, suka ce ba su sami tabbataccen amfanin zama guda na tDCS ga tunanin lafiyayyun mutane ba. A 2018 Vöröslakos da abokansa suka auna suka ga kimanin kashi uku cikin huɗu na lantarkin yana salwanta a fata da ƙashi kafin ya kai ƙwaƙwalwa. A 2022 Salehinejad da Nitsche a Dortmund suka nuna cewa bayan dare ɗaya ba barci ƙwaƙwalwa takan riga ta cika da zabura, har sauyin da lantarkin ya saba kawowa ya ɓace ko ya juya. Ma'ana, ƙwaƙwalwar da ake son a taimaka ita ce wadda ba ta karɓar taimakon yadda aka zata.

A lura kuma da cewa waɗannan gwaje-gwaje an yi su ne a ɗakin bincike, da mutane ƙalilan, a kan ayyuka masu sauƙi kamar danna maɓalli in fitila ta haska. Gane cutar yaron da aka kawo da ƙarfe uku na dare yana suma wani aiki ne dabam, mai bukatar tambaya da kwatantawa da zaɓi.

5. Batun kalmomi

A nan ne aikin masu nazarin harshe ya shigo. Idan aka rubuta wa sabon mai karatu cewa na'urar “tana ƙara basira” ko “tana gyara tunani”, an faɗa masa abin da binciken bai faɗa ba. Muna ba da shawarar a rarrabe abubuwa huɗu:

(a) Farkawa: kasancewa ido biyu, kishiyar gyangyaɗi.
(b) Lura: tsare hankali a kan abu guda na dogon lokaci.
(c) Riƙo: ajiye bayani a ka na ɗan lokaci ana aiki da shi, kamar nauyin maras lafiya lokacin lissafin magani.
(d) Yanke shawara: auna dalilai a zaɓi abin yi.

Shaidar da ake da ita ta fi ƙarfi a kan (a) da (b), ta yi rauni a kan (c), ga shi kuwa ran maras lafiya ya fi rataya a kan (d). Haɗarin da ke nan shi ne likita ya ji idonsa ya washe ya ɗauka hukuncinsa ma ya dawo. Van Dongen da abokansa sun nuna a 2003 cewa mutanen da aka taƙaita wa barci zuwa awa 6 har kwana 14 aikinsu ya yi ta lalacewa, alhali su a bakinsu ba su jin wani barci mai yawa.

Kalmar “zaburarwa” ta fi “ƙarfafawa” dacewa da dabarar, domin wanda ya zaburi doki bai ƙara masa ƙarfi ba. “Bashin barci” ya isa ya ɗauki ma'anar barcin da ya taru ba a yi ba, “magagin barci” kuma ruɗewar da ke biyo bayan tashi. Masu tsara littattafai su tuna cewa a Maraɗi da Tawa “kwana” yana nufin barci kansa, saboda haka jimla kamar “bai kwana ba” tana bukatar a fayyace ta.

6. Kammalawa

A 2006 Smith-Coggins da abokan aikinta a Jami'ar Stanford suka ba likitoci da ma'aikatan jiyya na sashen gaggawa damar kwanciya ta minti 40 da ƙarfe uku na dare. Waɗanda suka kwanta sun ɗan yi magagi da tashinsu, amma da safe sun fi waɗanda ba su kwanta ba lura da saurin hannu. Wannan hanya ba ta bukatar na'ura, sai ɗaki da gado da wanda zai riƙe aikin na ɗan lokaci. Zaburar da ƙwaƙwalwa fage ne na bincike da ya cancanci a ci gaba da shi, amma a rubuce-rubucenmu na Hausa ya kamata a gabatar da ita a matsayin gwaji, a kuma bayyana wa mai karatu cewa bashin barci da barci ake biyansa.