Zama A Zango Ma Tafiya Ce



A gidaje da yawa na Komah da Didawure a nan Sokode, haka ma a zangon Dapaong, akwai wanda yake zaune yana jira. Ga saurayi da ya ci jarrabawar BAC ko ya gama jami'ar Kara, shekara biyu ke nan yana sauraron a buɗe gasar ɗaukar ma'aikata. Ga budurwa da ƙawayenta duk sun tare a ɗakunan mazajensu. Ga magidanci da jarinsa ya karye tun lokacin da aka rufe iyakokin ƙasa daga 2020 zuwa 2022 saboda annobar korona, ko kuma tun da hare-hare suka fara a yankin Savanes a 2021, har aka kafa dokar ta-ɓaci a can a 2022, kasuwanni suka yi sanyi. Jiran kansa yana da nauyi, amma abin da ya fi cin rai shi ne duban wasu. Sai mutum ya buɗe waya ya ga tsaransa a Jamus ko a Gabon tsaye a jikin mota, ya kwana yana lissafin yadda aka bar shi a baya.

To, kafin mu yanke wa kanmu hukunci, ya kamata mu tuna asalin sunan unguwanninmu. Zango shi ne wurin da ayari yake yada kaya ya huta. Kakanninmu fatake sun riƙa tasowa daga Kano da Sakkwato da kanwa da jima da rinannun tufafi, su bi ta Jugu, su sauka a Didawure, sannan su nufi Salaga a ƙasar Gwanja su sayo goro. Tafiya ce ta watanni. Idan damina ta riske su a hanya, koguna suka cika, jakai suka kasa ƙetarewa, dole madugu ya ba da umarnin zama. Daga irin wannan zama ne aka gina masallatai, aka buɗe makarantun allo, aka ƙulla aure da Kotokoli masu ƙasa, har wurin sauka ya zama gari. Ashe mu kanmu 'ya'yan jira ne.

Falke na gari ba ya kashe kwanakin zango wajen ƙirga jakan wani ayari. Yana da aikin da ba ya yiwuwa sai an tsaya. Zai kwance huhun goro, ya tsince wanda ya yi sankara don kada ya ɓata sauran, ya canja ganye, ya yayyafa ruwa, ya sake ɗaurewa. Zai duba bayan jaki ya yi wa miki magani, ya gyara mangala, ya tambayi mutanen gari labarin hanyar da ke gaba. Wanda ya yi sakaci da wannan, ko da ya riga kowa isa kasuwa, ruɓaɓɓen goro zai kai.

Tarihin wannan hanya ya bar mana mutum biyu abin nazari. Na farko shi ne Alhaji Umaru na Kete-Karaci, wanda aka haifa a Kano wajajen 1858. Ya zauna a Salaga, sai yaƙin basasa na 1892 ya tarwatsa garin da kasuwarsa. Ya koma Kete-Karaci, wanda a lokacin mulkin Jamus yake cikin ƙasar Togo, nesa da manyan biranen ilimi na ƙasar Hausa. A can ya duƙufa kan koyarwa da rubutu cikin Larabci da ajami, har ya zama limamin garin. Wani jami'in Jamus, Adam Mischlich, ya karɓi rubuce-rubucensa kan rayuwar Hausawa, waɗanda masana tarihi suke amfani da su. Ya rasu a 1934, bayan almajiransa sun bazu cikin zangunan wannan yanki.

Na biyu shi ne Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877. Ya yi maraici tun yana yaro, ya yi karatun allo, sannan ya yi shekaru yana fataucin goro. Sai a 1912, yana da shekara 35, aka buɗe hanyar jirgin ƙasa zuwa Kano, cinikin gyaɗa ya bunƙasa. Damar ta same shi ya riga ya san mutane, ya san lissafi, an kuma san shi da riƙon amana. Ya rasu a 1955 ana lissafa shi a sahun gaba cikin attajiran Afirka ta Yamma.

Hanyar goro ɗaya suka bi, amma kowa da rabonsa. Da malamin ya auna kansa da dukiyar fatake, da ya ajiye alƙalami. Da falken ya auna kansa da ilimin malamai, da ya raina sana'arsa. Kowannensu ya yi aiki da abin da ke hannunsa a shekarun da babu mai kallonsa.

Mene ne huhun goronmu a yau? Wanda ya yi lakwal kawai yana iya komawa gaban malam bayan Asuba ya gyara karatunsa, ko izu ɗaya ne a wata uku. Wanda ya yi allo kawai yana iya koyon karatu da rubutun Faransanci, don ya daina neman mai karanta masa takardar asibiti ko ta kwastan. Mai jiran aikin gwamnati bai yi asara ba idan ya zauna wurin tela ko mai walda ko mai gyaran babur ya koyi sana'a. Mai ƙaramin jari ya sayi littafi ya riƙa rubuta shiga da fita, ya shiga adashi ko da na ɗari biyar ne a mako. Akwai kuma tsince sankara: bashin da ya daɗe a biya shi kaɗan-kaɗan, ɗan'uwan da ake gaba da shi a je a gaishe shi, zaman banza na bakin titi a rage shi. A ƙarshen kowane wata mutum ya tambayi kansa abin da ya iya yanzu wanda bai iya ba a watan jiya. Wannan ma'auni ba ya ƙarya.

Hoton waya kuwa ganin kitse ne ake yi wa rogo. Yana nuna mota, ba ya nuna bashin da ke kanta, ba ya nuna shekarun zama babu takardu, ko kewar iyaye. Shi ya sa malamanmu suke yawan tunatar da mu hadisin da ya hore mu da duban na ƙasa da mu a abin duniya, don kada mu raina ni'imar da muke ciki.

Mu iyaye muna da babban kaso a wannan al'amari. Sau da yawa daga bakinmu ciwon yake fitowa: "Dubi ɗan wane ya aiko da kuɗin gini, kai kana nan." Magana irin wannan ta tura matasa da dama hanyar Agadas da Libiya ba tare da shiri ba, ta kuma tura 'yan mata auren gaggawa da bai yi ƙarko ba. Ya fi kyau uba ya ce, "Me ka koya a wannan mako?" Uwa ta yaba wa 'yarta ɗinkin da ta fara iyawa. A ba wa mai jira wani nauyi a gida, kamar riƙe lissafin cefane ko koyar da ƙanne, don ya san yana da amfani tun kafin albashi ya zo.

Ba muna cewa a naɗe hannu ba ne. Madugu yakan aika a duba kogi kowace safiya, kuma ranar da ruwa ya janye ba ya ƙara kwana. A ci gaba da kai takardun neman aiki, a ci gaba da tambaya, amma kaya su kasance a ɗaure, jaki kuma da lafiya. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Allah Ya sanya albarka a zamanmu da tafiyarmu, Ya ba 'ya'yanmu abin yi na halal, Ya kawo zaman lafiya a Savanes da ƙasa baki ɗaya. Amin.