Me ya sa akwatin bincike ke ganin 9000 ta fi 10000?

Mai haɗa manhajar farashin raken Makarfi, tumatirin Ikara ko masarar Kudan yakan ci karo da wannan: mai saye ya nemi kayan ƙasa da naira 10000, na 9000 ya ƙi fitowa. Matsalar ita ce an adana farashin a matsayin rubutu, sai kwamfuta ta gwada alamomin farko kawai, ta ga 9 ta fi 1. Ko a Lucene, QueryParser na asali rubutu yake ɗaukar komai, ba ya ganin gurbin IntPoint.

Maganin shi ne a cire waƙafi da alamar naira, a mayar da farashin lamba, a sake jera bayanan. Lambar waya kam a bar ta rubutu, don kada sifirin farko ya ɓace.