Hutun Iyali a Wuraren Zamiyar Ƙanƙara: Dalilai da Sakamako a Mahangar Ɗanzomo

A Ɗanzomo da kewayenta a arewacin Jigawa, wato Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, inda zafin bazara kan haura digiri 40 a watan Afrilu, sanyin da aka sani shi ne na hunturu, wanda ƙura da kaushi ne kawai guzurinsa. Duk da haka, wayar hannu ta sa matasan yankin sun saba da hotunan wuraren zamiyar ƙanƙara, wasan da mutum ke ɗaura dogayen alluna biyu a ƙafa ya gangaro daga tsauni a kan dusar ƙanƙara, wato daskararren ruwan da ke saukowa daga sama kamar sheƙaƙƙiyar auduga.

Dalili na farko da ya mayar da waɗannan wurare na iyali ya fito ne daga masu su. Ɗumamar yanayi ta gajarta lokacin ƙanƙara a tsaunuka da dama, kuma gwanayen wasan kaɗai ba za su riƙe kasuwa ba, don haka aka ƙaro makarantun koyar da yara, da gangara mai sauƙi ga 'yan koyo, da hayar tufafin sanyi, da keken igiya mai kai mutane ƙololuwa ba tare da gumi ba. Ukaimedan, a tsaunukan Atlas na Maroko, kudu da birnin Marakish, yana kan tudu mai kimanin mita 2,600, amma kasuwarsa tana hawa da sauka gwargwadon abin da sama ta zubo. Afriski na ƙasar Lesoto, wanda ke harka daga Yuni zuwa Agusta, ya dogara sosai da injinan da ke fesa ruwa cikin iska mai sanyi ya daskare.

Sai dai ƙofar da ta fi kusa da Bahaushe ba a kan tsaunin gaske take ba. Ski Dubai, da aka buɗe a 2005 cikin katafaren kantin Mall of the Emirates, tsauni ne na ƙirar hannu mai tsayin mita 85, a cikin gini mai faɗin murabba'in mita 22,500, wanda na'urori ke riƙe sanyinsa ƙasa da sifili. Da yake Dubai hanya ce da 'yan kasuwar Kano suka daɗe suna bi wajen sarin kaya, tafiya da uwargida da yara ta zama jifan tsuntsu biyu da dutse ɗaya, musamman tunda wurin salla da abincin halal suna cikin kantin, kuma akan ba baƙo riga da takalman sanyi a ƙofar shiga. Abin lura shi ne, mafi yawan baƙi daga ƙasashe masu zafi ba gwanintar zamiya ke kai su ba. Yaro ya dunƙula ƙanƙara ya jefi ƙanensa, a ɗauki hoto, hannu ya fara ƙagewa, a fito neman shayi.

Sakamakon kuwa bai taka kara ya karya ba a arewacin Jigawa, domin sha'awa ta yaɗu, ikon tafiya kuma ya ragu. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, ƙasar da Dubai ke cikinta, ta dakatar da ba 'yan Nijeriya biza daga 2022 zuwa 2024, sannan naira, wadda dala ɗaya ke kan kusan 460 a hukumance kafin Yunin 2023, ta haura 1,500 a 2024. Magidancin da arzikinsa ya rataya a kan riɗi da gero da kasuwar dabbobi ta ranar Alhamis a Maigatari ba zai saka irin wannan hutu a lissafi ba.

Madadin cikin gida shi ne Obudu a Jihar Kuros Riba, wanda ya fara a matsayin gandun shanu a 1951, aka kuma kafa masa keken igiya a 2005. Akwai sanyi da hazo a can, babu ƙanƙara, kuma keken ya sha tsayawa saboda rashin kulawa, ga nisan hanya daga arewacin Jigawa. Saboda haka har yanzu babbar fitar iyali a Ɗanzomo ita ce kallon hawan salla a ƙofar fadar Sarkin Gumel.