Wutar da Wayar Intanet Mai Jingina da Kwamfuta Take Sha

Na'urar haɗa wayar tarho da intanet 'yar ƙarama ce, ba ta fi kwalin ashana girma sosai ba. Ana soka gefe guda a ramin USB na kwamfuta, a ɗaya gefen kuma a jona igiyar wayar tebur irin ta gida, sai murya ta bi ta intanet maimakon layin kamfanin tarho. Wadda ta fi yin suna ita ce magicJack, ƙirƙirar Dan Borislow, da ta shiga kasuwar Amurka a 2007. A lokacin, wajen dala 40 ake sayenta har da kiran shekarar farko, daga nan kuma dala 20 a shekara, a kira ko'ina cikin Amurka da Kanada.

Ita kanta na'urar ba ta da ci, domin ramin USB 2.0 ba ya ba da wutar da ta wuce wat 2.5. Matsalar tana wajen kwamfutar. Da an kashe ta, ko ta yi barci, wayar ta mutu. Saboda haka mai son wayarsa ta yi ƙara ko da tsakar dare ne, tilas ya bar kwamfuta a kunne, fankarta na huci har wayewar gari.

A nan arahar take zurarewa. Kwamfutar tebur mai jan wat 100 tana shan yunit 2.4 a rana, wato 876 a shekara. In ana sayar da yunit a kan santi 12, kusan yadda gidajen Amurka ke biya a wancan lokaci, kuɗin wuta ya kai dala 105, ninki biyar na kuɗin kiran. Kwamfutar tafi-da-gidanka mai wat 25 ta fi dama, amma ita ma dala 26 take ci. Sai dai a yi adalci: awannin da da ma can ake aiki da kwamfutar ba laifin wayar ba ne.

A 2011 aka fito da magicJack Plus, wadda ake jonawa a soket da akwatin intanet kai tsaye. Na'ura irin wannan, in wat 3 take ja, shanta a shekara yunit 26 ne kacal. Duk da haka, da an ɗauke wuta za ta yi shiru, saɓanin tsohon layin tarho da ke samun wutarsa daga ofishin kamfani.