Ƙwayar mura biyu da zinariyar da ta salwanta

A watan Satumban 2000, a gasar Olamfik ta birnin Sidni da ke Ostireliya, wata yarinya 'yar Romaniya mai shekara 16, Andreea Raducan, ta lashe zinariya mafi daraja a wasan jimnastik, wato wasan alkafura da lanƙwasa jiki. Kwanaki kaɗan bayan haka aka karɓe lambar. Mura ce ta kama ta kafin wasa, likitan tawaga ya ba ta ƙwayar Nurofen guda biyu, ashe akwai sinadarin sudoefedrin a ciki, wanda a lokacin yake cikin jerin haramtattun magunguna.

Babu wanda ya zarge ta da ha'inci. Kwamitin Olamfik na Duniya bai ce da gangan ta yi ba, kuma kotun sauraren ƙararrakin wasanni, wadda ta tabbatar da hukuncin, ba ta musanta hakan ba. Ƙa'idar ita ce duk abin da aka samu a jikin ɗan wasa, shi ke da alhakinsa, ko da sani ko ba sani. Zinariyar ta koma hannun 'yar ƙasarsu Simona Amanar, aka kuma haramta wa likitan halartar Olamfik na 2002 da na 2004. Wani abin takaici shi ne a 2004 hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya, WADA, ta cire sinadarin daga jerin, sannan ta mayar da shi a 2010 tare da ƙayyade adadin da za a iya samu a fitsari. Raducan ta nemi a maido mata da lambarta a 2015, ba a amince ba.

Masu kare wannan tsauri suna da hujja. In aka karɓi uzurin “likita ne ya ba ni”, kowane mai maguɗi zai fake da shi, kuma wadda ta zo ta biyu ba tare da ta sha komai ba ita ma tana da haƙƙi. Sai dai jimnastik wasa ne da 'yan mata ke shiga manyan gasanninsa tun suna shekara 16, kuma abincinsu da maganinsu da nauyin jikinsu duk suna hannun koci da likita. Yarinyar da aka raina a kan biyayya ba ta tambayar abin da aka miƙa mata. Shi ya sa furosemid, maganin da ke fitar da ruwa daga jiki ya rage nauyi cikin gaggawa, ya sha bayyana a wannan wasa. A kansa aka dakatar da 'yan Rasha Alina Kabaeva da Irina Chashchina, aka ƙwace lambobin da suka ci a gasar duniya ta 2001.

An yi gyare-gyare tun daga nan. Mai ciwo na gaskiya yana iya neman izinin shan maganin da aka haramta, kamar yadda 'yar Amurka Simone Biles ta samu, ko da yake masu kutse sun fallasa bayanan lafiyarta a 2016. Kundin WADA na 2021 ya sassauta hukunci ga yara 'yan ƙasa da shekara 16, ya kuma wajabta binciken manyan da ke kewaye da su. Amma da wannan ma'auni Raducan ba za ta shiga sahun waɗanda aka keɓe ba, domin ta riga ta cika 16.

Nijeriya ma ta ɗanɗana irin wannan. A Olamfik na Tokyo a 2021, inda Uche Eke ya zama ɗan jimnastik na farko da ya wakilce ta, an hana 'yan guje-guje da tsalle-tsalle goma shiga gasa. Ba a same su da ƙwaya ba, gwaje-gwajen da ƙa'ida ta tanada ne ba a cika musu ba kafin tafiya. A Sidni da Tokyo, kuskuren daga manya ya fito, a asibitin tawaga ko a ofis, amma ɗan wasa ne ya yi asarar shekarun horonsa. Don haka alhakin yana kan ma'aikacin da ke riƙe da takardun gwaji da likitan da ke miƙa ƙwaya, kamar yadda yake kan wadda za ta hau dandali.