Me Ke Tsare Kuɗin Da Kuka Aika Gida?

'Yan'uwa mazauna Ikko da Badun da Fatakwal ba za su manta da farkon shekarar 1 ga sabon kuɗi ba, watau watannin Janairu da Fabrairu na 2023, bayan da Babban Bankin Nijeriya ya sauya takardun Naira 200 da 500 da 1,000. Tsabar kuɗi ta yi ƙamfa, kowa ya koma aikawa ta waya. Mutum yana Agege ya tura kuɗin cefane, an cire masa, amma iyalinsa a Ƙofar Dumi cikin birnin Bauchi suna tsaye gaban mai POS har la'asar, ana ce musu babu netwok.

To, sau da yawa laifin ba na layin waya ba ne. Abin yana can cikin babbar kwamfutar da ke riƙe da rumbun bayanai, inda aka rubuta sunan kowa da abin da ya rage masa.

Wannan na'ura tana da ma'aji iri biyu. Akwai faifai, wanda yake kamar sito a bayan shago, akwai kuma ƙwaƙwalwar aiki da ake kira RAM, wadda take kamar teburin mai shago. Abin da ke kan tebur hannu kawai za a miƙa. Ɗauko abu daga faifai, ko da irin na zamani ne, yakan ninka wannan lokaci sau ɗaruruwa. Idan tebur ya cika maƙil, sai na'ura ta shiga kai kaya sito tana dawo da su, aikin daƙiƙa ɗaya ya koma na minti guda. In abin ya ƙazanta, tsarin Linux yakan kashe shirin da ya fi cin wuri, wanda sau tari shi ne rumbun kansa.

Injiniyan da ya san aikinsa ba ya firgita don ya ga ƙwaƙwalwa ta kusa cika. Da gangan rumbu yake tara bayanan da aka fi nema a can. A MySQL ma akan ware masa har kashi 80 cikin 100 idan na'urar tasa ce shi kaɗai. Abin da yake dubawa shi ne ko an fara wannan zirga-zirga zuwa faifai, kuma wa ke cin wurin. Da farko yakan ƙirga masu haɗuwa da rumbun a lokaci guda, domin kowanne da rabonsa. PostgreSQL yana zuwa da iyakar 100, amma wasu sukan ɗaga ta zuwa dubbai ba tare da lissafi ba, su gayyaci gari biki da tukunya ɗaya. Sa'an nan ya nemi tambayoyin da ke daɗewa. Neman asusu ɗaya ba tare da fihirisa ba daidai yake da karanta littafin bashi tun daga shafin farko. Akwai kuma shirin da ke aron wuri ba ya mayarwa. Kashe na'ura a kunna yana kawo sauƙi na ɗan lokaci, shi ya sa malalata ke son sa.

Mu ma da namu hannun a ciki. Duk wanda ya danna aikawa sau biyar don haushi, layi biyar ya ƙara a bakin teburin, kuma yana iya wayar gari an cire masa fiye da sau ɗaya. Gara mai aikawa ya dakata, ya adana rasit mai ɗauke da doguwar lambar shaidar aikawa, ya tura wa na gida hotonsa. Da wannan lamba banki ke bin sawun kuɗi ta hanyar NIBSS, kamfanin da ke sada bankunan ƙasar nan.