Ƙananan kalmomin da ke cinye maka maki a Turanci

Ɗan uwa, in kana shirin WAEC ko NECO a Tudun Wada, Kiru, Bebeji ko Doguwa, ka riga ka san maganar: babu kiredit a Turanci, babu jami'a. A JAMB kuwa, cikin tambayoyi 180, guda 60 na Turanci ne. Amma mu sai haddace manyan kalmomi don burge mutane a Facebook, alhali ƙananan ne ke kayar da mu. Ina nufin mahaɗai, kalmomin da ke ɗinke jimla.

Kashi uku ne. Na farko suna haɗa abubuwa masu matsayi ɗaya: for, and, nor, but, or, yet, so. Bakwai ne kacal, malamai kan dunƙule su da FANBOYS.

Na biyu suna jingina wani ɓangaren jimla a kan wani: because, although, if, unless, when. Gwada karanta "Because it rained in Riruwai" ka tsaya. Ka ji maganar a rataye, tana jiran ƙarasawa? To, alamarsu ke nan.

A nan fa Hausarmu ke mana ƙafar ungulu. Daidai ne ka ce, "Ko da yake shinkafa ta yi kyau bana, amma farashi ya faɗi." Sai ka kwashe ta yadda take: "Although the rice did well, but the price fell." Jan biro kai tsaye! Turanci ba ya haɗa biyun. Ko although, ko but, ɗaya za ka ɗauka. Haka unless, wato "sai dai in". Ita kanta tana ɗauke da korewa, don haka "Unless you don't read, you will fail" cewa take yi karatun ne zai kayar da kai. Cire don't ɗin.

Na uku tagwaye ne, tare suke tafiya: either…or, neither…nor, not only…but also, no sooner…than. Than fa, ba when ba. Hardly ce ke tafiya da when. Sannan aikatau yana bin sunan da ya fi kusa da shi: "Neither the teacher nor the students were there."

Ita kuwa however, da 'yan ajinmu ke watsawa ko'ina kamar gishiri, ba ta cikin bakwai ɗin nan. Waƙafi kaɗai ba ya riƙe jimloli biyu da ita. Sa aya, ka fara sabuwar jimla da However.